Mota na mutuwa a hanya: yadda ake bin sawun mai daga tanki zuwa nozul

Duk motar da ta mutu a titi, kafin mai ita ya ɗaga bonet 'yan kallo sun gama yanke hukunci: famfon mai ne. Wani lokaci su dace. Amma famfuna masu lafiya da aka cire aka jefar a garejoji ba sa ƙirguwa, alhali laifin yana kan rile (makunnin da ke sakar wa famfo wuta), ko soket da ya ƙone, ko filtar da ta toshe, ko wata sensa da ba ruwanta da mai. A sa sabon famfo, mota ta yi kwana biyu lafiya, rana ta uku ta sake mutuwa a shataletale. Maganin wannan asara shi ne a fara tabbatar da cewa man ne ya yanke, sannan a bi hanyarsa gaɓa-gaɓa da gwaji, kafin a sayi ko da kusa ɗaya.

Bayanin nan na motocin fetur masu nozul ne, irin su Corolla, Camry, Accord da Golf, da ɗan ƙari kan masu kafireta. Motar dizal ta zamani kuwa, matsin man da ke bututun nozul ɗinta yana haura bar 1,500, yana iya huda fatar mutum. Kada a sassauta komai a wajen inji na aiki.

Yadda ta mutu

Shaidar farko tana bakin direba, don haka a tambaye shi da kyau. Injin da mai ya yanke masa ba ya mutuwa farat ɗaya. Ƙarfi ne ke raguwa, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta yi fizge-fizge, ta yi tari, sannan ta kwanta. Wanda tartsatsin fulogi ya ɗauke masa kuwa kamar an murɗa makulli ne, shiru kawai, kuma sau da yawa allurar da ke nuna juyin inji tana faɗowa sifili nan take ko da motar na gangarawa cikin giya.

Lokacin da take mutuwa ma yana magana. Motar da ke tafiya lafiya a gari amma ta shaƙe a hawa, ko sa'ad da za a wuce tirela, mai ne ba ya isarta: filta ko famfon da ya gaji. Wadda ke mutuwa a silo kaɗai, wato inji na aiki ba a taka totur ba, in an taka burki ko an kunna AC, amma tana gudu lafiya a babbar hanya, da wuya a ce famfo ne, domin a silo ne inji ya fi cin mai kaɗan. A nan a fara duba dattin da ya taru a bakin totur, da bawul ɗin silo, da tiyon iska da ya tsage. Wadda ke mutuwa bayan tafiyar minti 20 ko 30, ta ƙi tashi sai ta huce, ita ce mai wahalar da makanikai, domin abu huɗu ne ke yin haka in sun ɗauki zafi: famfo, rile, kwayil, da sensar kiranka, wadda ke gane juyin inji. Wadda ke tashi ta yi daƙiƙa biyu ta mutu, a dubi dashbod ko fitilar makulli na ƙyaftawa, don na'urar hana sata haka take yi in ba ta gane makulli ba. Wadda ke mutuwa a kwana in mai ya yi ƙasa da kwata, man ne ke gudu gefe ya bar bakin famfo. In kuma damuwar ta fara ne jim kaɗan bayan shan mai, to a tuhumi man kansa kafin komai.

Gejin mai na dashbod ma yana ƙarya. In ana shakka, a zuba lita 5 a gani.

Kafin a taɓa bututu

Layin mai yana riƙe da matsi ko da mota a kashe take. Cire fiyus ko rile na famfo, ka tayar da inji ka bar shi ya mutu da kansa, ka ƙara murɗa makulli na daƙiƙa 3. Sannan ka cire kan batir na nagetif, ka naɗe mahaɗar da tsumma kafin ka buɗe. A yi aikin a sarari, ba taba, ba mai walda kusa, abin kashe gobara yana gefe. Zuƙo fetur da baki al'ada ce da ta kamata a bari, ɗigo kaɗan in ya faɗa huhu yana kwantar da mutum a asibiti.

Mai ne ko tartsatsi?

Wannan gwajin ba ya da amfani sai a lokacin da motar ta ƙi tashi. In ta huce ta tashi, duk abin da ka gwada lafiya zai nuna maka.

Sassauta babban tiyon iska a bakin totur, ka fesa abin wanke kafireta na gwangwani daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka mayar da tiyon, ka ja baya, wani ya murɗa makulli. A fesa bayan sensar iska, kada ruwan ya taɓa ta. In inji ya tashi ya yi ɗan gudu ya mutu, tartsatsi na nan, mai ne babu. In ko tari bai yi ba, bar maganar tanki, koma kan kwayil da sensar kiranka. Masu tsiyaya fetur daga gora cikin bakin totur suna samun amsa iri ɗaya, sai dai in inji ya yi atishawa ta baya, wutar a hannunsu take kamawa.

Ka kuma cire fulogi ɗaya ka duba bakinsa. Bayan an yi ta murɗa makulli, in ya fito a bushe ƙarau, mai bai shiga silinda ba. In ya fito jiƙe yana warin fetur, mai ya shiga, ko dai ba tartsatsi ko man ya yi yawa. A motoci da dama, in ka danne totur har ƙasa kana murɗa makulli, birenbos, wato kwamfutar mota, yana tsayar da nozul don silinda ta bushe. Motar da ke tashi ta wannan hanya kaɗai, cikar mai ke damunta.

Famfo na juyawa?

Buɗe murfin tanki ka kara kunne, ko ka ɗaga kujerar baya inda murfin famfo yake. Wani ya murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, ba tare da ya tayar ba. A yawancin motoci za ka ji wani siririn gunji na daƙiƙa 2 zuwa 3. A kula, tsofaffin Toyota da yawa ba sa yin wannan, famfonsu ba ya juyawa sai inji na juyawa, don haka shirunsu ba hujja ba ce. A Toyota na shekarun 1990 akwai ƙaramin akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet: in ka haɗa ramin +B da na FP da guntuwar waya, makulli a buɗe, famfo zai juya kai tsaye.

In shiru, fara da abu mai araha. Gwada fiyus da mitar awon wuta, don ido yana yaudara. Fiyus da ya ƙone aka canza ya sake ƙonewa yana nufin famfo na jan wuta fiye da kima ko waya ta goge a jikin bodi. Ɗaura masa silin waya, kamar yadda wasu ke yi, gayyatar gobara ne. Sai rile: nemi wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, galibi na hon, ka musanya su. Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna a nan. Babban rilensu yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, dalmar da ke cikinsa tana tsagewa, sai motar ta ƙi tashi in ta sha rana, da yamma kuma ta tashi kamar ba ita ba. Rewaya mai hannu yana sake narka dalmar a minti 10. Ford da wasu Peugeot kuma suna da maɓallin da ke yanke famfo in mota ta yi karo, kuma faɗawa babban rami yana iya tayar da shi. Danna shi kawai ake yi.

Daga nan sai soket ɗin famfo. Auna wutar yana a jone, famfo na ƙoƙarin juyawa, ta hanyar cusa bakin mita ta bayan soket. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato: wayar da ta rage sili biyu za ta nuna volt 12 in ba a ɗora mata kaya ba, da famfo ya ja sai ta faɗi zuwa 8 ko 9. Bambancin da ke tsakanin batir da soket kada ya wuce rabin volt. Wayar nagetif da ke ɗaure a bodi ita ma a auna ta, kada asararta ta wuce volt 0.2. Cire soket ka leƙa: roba da ta narke ko baki da ya yi baƙi ya isa ya kashe mota in ya ɗauki zafi. In wuta ta isa cikakkiya famfo bai juya ba, a buga ƙasan tanki da tafin hannu ko guntun katako ana murɗa makulli. In ya tashi, gawayin cikinsa ya cinye. Dabarar za ta kai ka gida, ba za ta kai ka Kaduna daga Kano ba.

Gejin matsi

Jin ƙarar famfo ba ya nuna yana aiki yadda ya kamata. Haka ma cire tiyo a ga mai na feshi. Famfon da ya gaji yana iya cika gora in bakin tiyo a buɗe yake, amma ya kasa tura man in ya haɗu da matsi. Geji ne kaɗai ke raba gardama, kuma kuɗinsa bai kai na famfo mai kyau ɗaya ba.

Wasu motocin Amurka suna da bawul irin na taya a kan bututun nozul, a nan ake ɗaura gejin. Toyota da Honda galibi ba su da shi, sai an saka mahaɗa mai baki uku a layin shigowa. Yawancin motoci masu nozul ga kowace silinda suna aiki tsakanin bar 2.5 da 4. Corolla mai injin 1ZZ da Camry mai 2AZ suna son psi 44 zuwa 50, wato bar 3 zuwa kusan 3.4. Golf 3 mai nozul guda a tsakiya kuwa wajen bar 1 kawai take so, shi ya sa in aka sa mata famfon wata mota ba a duba ba, sai a ga baƙin hayaƙi. Kowace mota a nemi adadinta.

Karatu huɗu ake ɗauka. Na farko da makulli a buɗe ko ana murɗawa: allura ta hau da sauri ta tsaya. Na biyu a silo. Na uku, a taka totur da ƙarfi a saki: allurar kada ta nutse. Na huɗu bayan an kashe inji: Toyota na cewa bayan minti 5 kada ya sauka ƙasa da psi 21. In ya zube nan da nan, ko bawul ɗin da ke cikin famfo ya daina riƙewa, ko nozul na ɗiga, ko regileta, mai daidaita matsi, na saki. Irin wannan motar ce ake daɗe ana murɗawa kafin ta tashi.

Matsi ya yi daidai a tsaye amma mota na shaƙewa a hanya? Fito da gejin ta gefen bonet, a manne shi a gilashi da salatif, mutum biyu su fita, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon allura. A hau tudu cikin babbar giya. In allura ta fara sauka kafin motar ta shaƙe, an kama ɓarawo. In motar ta mutu allura na tsaye a wurinta, layin mai ya wanku, a koma ɓangaren lantarki. Wannan gwajin shi ne ke warware rikicin motar da ke mutuwa in ta ɗauki zafi, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

In matsi ya yi ƙasa, saura a san wa ya jawo. A motoci masu layin komawa tanki, regileta tana kan bututun nozul da siririn tiyon iska a kanta. Zare tiyon a silo: matsi ya kamata ya hau da kamar rabin bar. In ka ga fetur a cikin tiyon, fatar regileta ta yage, inji na shan mai ta bayan fage. Matse tiyon komawa na ɗan lokaci kaɗan, in na roba ne: in allura ta yi tsalle sama, famfo na da ƙarfi, regileta ce ke saki. In ba ta motsa ba, famfo ne ko filta ko ragar da ke bakin famfo. Sabbin motoci, kamar Corolla daga 2003, ba su da layin komawa, regileta da filta duk suna cikin tanki tare da famfo. A irinsu akwai wani guntun tiyo a cikin gidan famfon da kan tsage, famfo na juyawa lafiya amma rabin man na komawa tanki.

A auna yawa ma. Saka bakin layi a cikin abin awo, a juya famfo daƙiƙa 30. Ƙasa da rabin lita alamar rauni ce ko toshewa. Filtar waje kuwa, cire ta ka zazzage ta baya a farin kwano. In ruwan ya fito ja ko baƙi, canza ta, kuma ka san abin da ke cikin tankinka ke nan. Kibiyar da ke jikin sabuwar ta kalli inji.

Man kansa

Wanda aka tara a gwajin yawa, a juye shi a kwalbar gilashi, a ajiye minti 10. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili. Yashi da tsatsa su ma ƙasa suke zama. Ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur zalla yana bushewa ba tabo, wanda aka gauraya da kananzir ko dizal yana barin maiƙo. Man jarka na 'yan bumburutu ya fi shiga wannan zargi, amma gidan mai ma tankinsa na ƙasa yana shan ruwa da damina. A farkon 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima Najeriya, hukumomi suka janye shi daga kasuwa bayan ya riga ya shiga tankunan mutane. Gurɓataccen mai ba a yi masa magani da ƙarin mai. A zuƙe shi, a wanke tanki, a canza filta.

Akwai kuma tankin da ba ya numfashi. Mai na fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In hanyar iskar ta toshe, da ƙurar hunturu ko laka, famfo zai yi ta ja har ya kasa. Da motar ta mutu, buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta zuƙa ciki da ƙarfi kuma motar ta tashi nan take, ga laifin nan. Wadda ke wahalar tashi duk lokacin da aka cika tanki kuwa, bawul ɗin da ke kai tururin mai inji ne ya maƙale a buɗe.

Nozul da na'urar gwaji

Nozul guda da ya toshe rawa yake sa inji, ba ya cika kashe mota. Ɗora bakin dogon sukundireba a kan kowanne, ƙotar a kunnenka: mai aiki yana ƙas-ƙas-ƙas daidai. Da mita, yawancinsu suna nuna ohm 12 zuwa 16, kuma su zo kusa da juna. In duk sun yi shiru lokaci guda, ba su ne suka lalace ba, birenbos ne bai ba su umarni ba, kuma hakan na komawa ga sensar kiranka, ko rile, ko na'urar hana sata. Wanke nozul da ake yi wa kowace mota da ta shigo gareji yana da ranarsa, amma ba ya tayar da famfon da ya gaji.

Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin na'urar gwaji a ƙarƙashin sitiyari. P0171 na nufin mai ya yi kaɗan a kan iska, P0172 ya yi yawa, P0087 matsi ya faɗi, P0230 layin wutar famfo, P0335 sensar kiranka. Lambar tana nuna unguwa ce kawai, gidan sai ka nema. Abin da ya fi lambobin amfani shi ne STFT da LTFT, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa. Tsakanin +10 da -10 cikin ɗari ba damuwa. In ya kai +20 a silo amma ya sauko da ka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In a silo daidai yake, sai an ɗora kaya ya hau, mai ne ba ya isa, ko sensar iska ta yi datti.

Masu kafireta

Peugeot 504 da tsofaffin Golf sun fi sauƙi. Famfonsu a jikin inji yake, matsinsa bai wuce psi 3 zuwa 7 ba. Cire murfin filtar iska, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireta ka ja totur: ya kamata ka ga siririn feshi. In babu, kwanon kafireta ya bushe. Zare wayar kwayil, saka tiyon shigowa a gora, a murɗa makulli, mai ya riƙa fitowa bul-bul da ƙarfi. Fatar famfon in ta yage, fetur na gangarawa cikin baƙin mai, sai ka ga ya haura a sandar awo kuma yana warin fetur. A zafin Afrilu cikin cunkoso kuma, fetur na tafasa a bututun da ya kusanci salansa, famfo ya riƙa jan tururi. A nisanta bututun da zafi. Mutuwa a silo kaɗai, ƙaramin jet ne ya toshe: a hura shi da iska, kada a zura masa waya.

In famfon ne da gaske

Tambayi abin da ya kashe shi. Fetur ɗin da yake ciki shi ke sanyaya shi, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 motoci da yawa a kan jar fitila suke yawo. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ma, a wasunsu famfon fetur na ci gaba da juyawa, don haka kada a bar tankin a bushe. A ƙalla kwata.

Haska tocila cikin tanki. In akwai laka ko tsatsa, a sauke shi a wanke, in ba haka ba sabon famfon zai bi tsohon cikin 'yan watanni. A canza ragar bakin famfo da filta da robar murfi tare. Guntun tiyon ciki ya zama irin wanda aka yi don zama cikin fetur, mai lamba 30R10, domin tiyon waje yana kumbura ya ruɓe a nan. Famfon Beljiyam na asali sau da yawa ya fi sabo marar suna ƙarko, amma a gwada shi da geji cikin fetur kafin a biya, kuma kada a juya shi a bushe. Kula da hannun gejin tanki wajen sakawa, yana lanƙwashewa da sauƙi. Bayan an haɗa, murɗa makulli sau 3 ba tare da an tayar ba don layi ya cika, a bi kowace mahaɗa da yatsa a ji ko akwai danshi, sannan a bar gejin matsi a jone a koma tudun da motar ta saba mutuwa, inji da zafinsa.